Wanda Ya Kira 'Yan Sanda Gidansa Bai Sarayar Da Haƙƙinsa Ba

A watan Yulin 2024 hukumomin jihar Illinois ta Amurka suka fitar da wani faifan bidiyo wanda har yau nake jin ɗacinsa. Wata mata mai suna Sonya Massey, mai shekara 36 da 'ya'ya biyu, ta kira lambar neman ɗauki ta 911 cikin dare domin tana zargin akwai mai leƙen gidanta a kusa da birnin Springfield. Jami'ai biyu suka zo, suka zagaya gidan ba su ga kowa ba, sannan suka shiga ciki suna tambayarta katin shaida. Akwai tukunyar ruwa a kan wuta, kuma su da kansu suka ce ta je ta sauke. Da tukunyar ta zo hannunta magana ta ɗan yi tsami, ɗayansu mai suna Sean Grayson ya zare bindiga, ita kuma ta ba da haƙuri ta durƙusa a bayan kantar madafa. Ya matsa kusa da ita, ya yi harbi uku, harsashi ɗaya ya same ta a fuska. Da abokin aikinsa ya ce zai ɗauko akwatin taimakon gaggawa, sai ya nuna masa cewa ba shi da amfani.

Wannan mata ba a zo kama ta ba, kuma ba a zarge ta da komai ba. Ita ce ta nemi taimako, a cikin ɗakinta.

Matsayina a kan wannan al'amari shi ne, halin gaggawa dalili ne ingantacce da ke ba ɗan sanda damar shiga gidan mutum ba tare da takardar kotu ba, amma wannan dama ta tsaya ne a kan shigar. Duk abin da jami'i ya aikata bayan ya tsallaka ƙofa, wajibi ne a auna shi, a nemi bayani a kansa, kuma idan an yi ɓarnar rai ko ta dukiya a biya. Abin da nake ƙi shi ne yadda kalmar gaggawa ta zama amsar kowace tambaya, har ta kai ana rufe bincike da ita tun kafin a fara.

Shigar ba ita ce abin gardama ba

Ba na cikin masu cewa kada ɗan sanda ya shiga gida sai da izinin alƙali ko da ana yanka mutum a ciki. Kotun Ƙolin Amurka ta yi daidai a shekarar 2006, a shari'ar Brigham City da Stuart, da ta ce jami'i na iya shiga idan yana da dalili mai ma'ana na yarda cewa wani a ciki ya ji mummunan rauni ko yana gab da ji. Hankali ma ya yarda da haka. Amma kotun nan ɗin ce a 2021, a shari'ar Caniglia da Strom, dukkan alƙalanta tara suka ƙi amincewa da cewa aikin kula da lafiyar jama'a kawai ya isa ya buɗe wa 'yan sanda ƙofar gidan mutum. Wato ko a wajen shigar akwai iyaka, kuma gida ba ɗaya yake da mota a bakin titi ba.

Gardamar tana farawa ne daga abin da ke biyo bayan shigar.

"Cikin ƙiftawar ido yake yanke shawara"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare 'yan sanda suke kawowa, kuma bai kamata a raina ta ba. Amurka ƙasa ce da bindigogin da ke hannun fararen hula suka fi yawan mutanen ƙasar. Jami'in da ya ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare bai san abin da ke bayanta ba. A watan Oktoban 2022, a garin Bristol na jihar Connecticut, an yaudari 'yan sanda da kiran neman ɗauki, aka yi musu kwanton ɓauna a ƙofar wani gida, aka kashe biyu. Su ma suna da mata da 'ya'ya. Saboda irin wannan ne Kotun Ƙoli tun 1989, a shari'ar Graham da Connor, ta ce a auna aikin jami'i da idon jami'i mai hankali da ke wurin a lokacin, kada a auna shi da idon wanda ya zauna daga baya yana nazari a tsanake.

Na yarda da wannan ma'auni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka daɗe ana yanke labarin, a jefar da duk abin da ya gabata, a riƙe daƙiƙa biyun ƙarshe kawai. Idan aka yi haka, kusan kowane harbi zai sami uzuri, domin a daƙiƙar ƙarshe kowa yana cikin tsoro.

A duba abin da ya faru a Fort Worth ta jihar Teksas ranar 12 ga Oktoban 2019. Wani maƙwabci ya ga ƙofar gidan maƙwabtansa a buɗe wajen ƙarfe biyu na dare, ya damu, ya kira lambar 'yan sanda wadda ba ta gaggawa ba domin a zo a duba lafiyarsu. Jami'an da suka zo ba su tsaya a ƙofar gaba sun yi kira ba, ba su kuma ce su 'yan sanda ne ba. Sai suka zagaya ta bayan gida da fitila a hannu. A ciki kuwa Atatiana Jefferson, mai shekara 28, tana wasan bidiyo da ɗan 'yar'uwarta mai shekara 8. Ta ji motsi a bayan ɗakinta, ta ɗauko bindigarta wadda doka ta ba ta damar mallaka, ta nufi taga. Jami'i Aaron Dean ya daka mata tsawa ta ɗaga hannu, kuma kafin ta iya yin komai ya harbe ta ta cikin gilashi.

Idan daƙiƙar ƙarshe kawai za a duba, to jami'i ya ga mutum da bindiga a taga. Amma wa ya kawo wannan daƙiƙa? Mace ce a gidanta da ƙaramin yaro, ta ji baƙo yana sanɗa a bayan gida cikin duhu. Ta yi abin da duk mai gida zai yi. Wanda ke da horo, da abokin aiki, da rediyo, da lokacin da zai tsaya ya yi tunani, shi ne ya zaɓi ya yi shiru ya bi ta baya.

Mu da muka tashi a gidajen da ake rubuta "ba shiga" a zaure mun san nauyin wannan magana ba tare da an yi mana bayani ba. Ba a faɗa wa gidan mutum sai an yi sallama an sami izini, kuma Alƙur'ani ya zo da wannan umarni a Suratun Nur. Hikimar sallama ta wuce ladabi, domin ita ce ke sanar da na ciki ko wane ne a waje, ta kawar da firgicin da ke sa mutum ya ɗauki makami. Da jami'in nan ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya ya ce 'yan sanda ne, da ba a kai ga taga ba.

Haka abin yake a gidan Sonya Massey. Grayson ya gaya wa kotu cewa ya ji tsoron za ta watsa masa tafasasshen ruwa. To amma akwai kanta a tsakaninsu, akwai sarari a bayansa, kuma ja da baya taki uku ya isa ya raba shi da ruwan. Shi kuwa gaba ya matsa. Wanda ya kai kansa cikin haɗarin da yake da ikon kauce masa, bai kamata ya dawo ya kafa hujja da wannan haɗarin ba.

Abin farin ciki shi ne Kotun Ƙoli ta fara gyara wannan karkata. A watan Mayun 2025, a shari'ar Barnes da Felix, ta yi watsi da ƙa'idar da wasu kotuna ke bi ta duba lokacin barazanar kawai, ta ce a duba lamarin gaba ɗayansa, har da abin da ya gabaci harbin. Shari'ar ta samo asali ne daga tsayar da mota a yankin Houston, amma a gidajen mutane ne za a fi jin amfaninta.

Ai an hukunta su, me kuma ake so?

Gaskiya ne an hukunta waɗannan biyun. A Disambar 2022 aka sami Dean da laifin kisan da ba na ganganci ba, aka ɗaure shi kusan shekara 12. A Oktoban 2025 aka sami Grayson da laifin kisan kai mai daraja ta biyu, bayan ƙaramar hukumar Sangamon, wadda yake yi wa aiki, ta amince ta biya iyalan matar dala miliyan 10. Wani zai ce ke nan tsarin yana aiki.

Ni ban gamsu da wannan ba, saboda abin da ya haɗa shari'o'in biyu shi ne bidiyo. A gidan Massey kyamarar Grayson ba ta kunne sai bayan ya yi harbin, kuma ta abokin aikinsa ce ta ɗauki abin da duniya ta gani. Da shi kaɗai ya je, ko da abokin ma bai kunna tasa ba, da labarin da za a ji shi ne na wata mata da ta kai wa jami'i hari da ruwan zafi. Ƙididdigar da jaridar Washington Post ta fara tattarawa tun 2015 ta nuna cewa 'yan sandan Amurka suna harbe mutum kusan 1,000 a kowace shekara. Da yawa daga cikin waɗannan harbe-harben suna da hujja, ban musa ba, amma waɗanda ake gurfanar da jami'i a kansu ƙalilan ne ƙwarai, kuma mai gabatar da ƙarar da zai yanke shawarar gurfanarwa yakan kasance wanda kullum yake dogara da waɗannan 'yan sandan a sauran shari'o'insa.

Sannan akwai abin da ɗaurin mutum ɗaya ba ya taɓawa. Grayson ya yi aiki a hukumomin 'yan sanda shida cikin shekara huɗu, kuma sau biyu aka same shi da laifin tuƙi cikin maye kafin ya zama ɗan sanda. Duk da haka aka ɗauke shi, aka ba shi bindiga, aka tura shi gidajen mutane da dare. Shugaban hukumar da ya ɗauke shi ya ajiye aiki bayan matsin lamba, kuma a 2025 jihar Illinois ta yi dokar da ta tilasta bincika tarihin aikin mutum kafin a ɗauke shi ɗan sanda. Dokar tana da kyau, sai dai da ran mace aka saye ta.

Rigar kariyar da kotu ta ɗinka

Tunda hukuncin laifi ba kasafai yake zuwa ba, hanyar da ta rage wa mai gida ita ce ƙarar neman diyya. Amurka tana da doka tun 1871 wadda ta ba mutum damar ƙarar jami'in da ya take masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Amma kotuna da kansu, daga 1967 zuwa 1982, suka gina wa jami'ai wata rigar kariya: ba za a kama jami'i da diyya ba sai idan haƙƙin da ya take ya riga ya bayyana sarai a hukunce-hukuncen baya. A aikace wannan yakan koma neman wata tsohuwar shari'a mai kama da taka kusan ta kowace fuska.

Ga abin da hakan ke haifarwa. A jihar Jojiya a 2014, jami'ai sun biyo wani da suke nema har farfajiyar gidan wata mata da ba ta da alaƙa da shi. Suka umarci yaran da ke wurin su kwanta a ƙasa, suka kwanta. Wani jami'i ya harbi karen gidan sau biyu, bai same shi ba, harsashi na biyu ya sami yaro mai shekara 10 a gwiwa. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jami'in yana da kariya, domin babu hukuncin baya da ya fayyace irin wannan yanayi na harbin kare da ya sami mutum bisa kuskure. Ban ga yadda mai adalci zai karanta wannan ya natsu ba. Babu baligin da ke buƙatar alƙali ya gaya masa cewa ba a harbi a inda yara ke kwance.

Masu kare wannan kariya suna cewa idan aka cire ta ba wanda zai yarda ya shiga aikin ɗan sanda, domin kowane kuskure zai iya cinye masa gida da fansho. Wannan tsoro ba ya tsayawa a gaban abin da aka gano. Farfesa Joanna Schwartz ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta bibiyi kuɗaɗen da aka biya a irin waɗannan ƙararraki tsakanin 2006 da 2011, ta tarar cewa abin da jami'ai suka biya daga aljihunsu bai wuce kashi 0.02 cikin 100 ba. Saura duk gwamnatoci ne suka biya. Ke nan rigar ba aljihun jami'i take karewa ba, abin da take yi shi ne hana wanda aka zalunta isa gaban masu yanke hukunci.

Jihar Kolorado ta gwada wata hanya a 2020 wadda nake ganin ta fi kusa da daidai. Ta buɗe ƙofar ƙara a kotunan jiha ba tare da wannan kariya ba, ta bar nauyin biya a kan hukuma, amma idan aka tabbatar jami'in bai yi aiki da kyakkyawar niyya ba, zai biya kashi 5 cikin 100 na diyyar ko dala 25,000, duk wanda ya fi ƙaranci. Wannan bai kai ya talauta mutum ba, amma ya isa ya sa ya san cewa hannunsa na ciki. Jihar New Mexico ma ta yi tata dokar a 2021.

Idan kuma 'yan sanda ba su yi laifi ba fa?

Wannan ɓangaren ne na fi so a tsaya a kansa, domin a nan ne ake gane ko maganar adalci ce ko ta ƙin 'yan sanda.

A watan Yulin 2020, a garin McKinney na jihar Teksas, wani mutum da ya sace yarinya mai shekara 15 ya shige gidan wata dattijuwa mai suna Vicki Baker da makamai. Matar ta riga ta koma jihar Montana, ta gyara gidan, har an sami mai saye. 'Yarta ce ta sanar da 'yan sanda, ta kuma ba su hanyar shiga. Mutumin ya saki yarinyar amma ya ƙi fitowa. Jami'ai suka cika gidan da barkonon tsohuwa, suka fasa ƙofar gareji da nakiya, suka bi ta kan shinge da mota mai sulke. Da suka shiga suka tarar ya kashe kansa. Ɓarnar ta haura dala 50,000, cinikin gidan ya rushe, kamfanin inshora ya ce yarjejeniyarsa ba ta ƙunshi ɓarnar da gwamnati ta yi ba, hukumar garin kuma ta ce ba ta da alhakin ko sisi.

Matar ba ta taɓa cewa 'yan sanda sun yi kuskure ba. Tambayarta ɗaya ce: tunda domin tsaron gari aka rushe gidanta, me ya sa ita kaɗai za ta biya? A 2022 kotun farko ta ba ta kusan dala 60,000, bisa tanadin tsarin mulkin Amurka da ya ce ba a karɓar dukiyar mutum domin amfanin jama'a sai da diyya. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce idan larura ce ta tilasta ɓarnar domin kare rayuka, to babu diyya. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar, ko da yake alƙalai biyu, Sotomayor da Gorsuch, sun rubuta cewa tambayar mai muhimmanci ce kuma ba a warware ta ba. Sai a 2025 kotun farko ta sake ba ta gaskiya, wannan karon bisa tsarin mulkin jihar Teksas.

Wanda ya riga ta bai sami ko wannan ba. A 2015, a Greenwood Village ta jihar Kolorado, wani ɓarawon kanti ɗauke da bindiga ya faɗa gidan iyalin Lech, waɗanda bai san su ba. Bayan tsayuwar awa 19, gidan ya koma abin da sai dai a rushe a sake ginawa. Hukumar garin ta yi tayin dala 5,000, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a bin ta komai, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi karɓar ƙarar a 2020.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan. Sun ce larura tana halatta abin da aka hana, amma suka ƙara da cewa ana auna ta gwargwadon buƙata, sannan matsuwa ba ta soke haƙƙin wani. Wanda yunwa ta kusa kashewa yana da damar cin abincin wani, ba shi da zunubi, amma zai biya mai abincin. Ɗauke laifi abu ne dabam da ɗauke biya, kuma kotunan da suka hana waɗannan mutane diyya sun cakuɗa biyun. Ba a buƙatar a ce jami'in da ya fasa bango ya yi laifi kafin a ce gari ya biya kuɗin bangon.

Za a ce kuɗin talakawa masu biyan haraji ne za a kashe. Haka ne, kuma haka ya kamata, domin su ne suka amfana da kama mai laifin. Idan aka raba dala 60,000 a kan mazauna babban gari, kowa ba zai ji a jikinsa ba, amma idan aka ɗora ta a kan dattijuwa ɗaya za ta iya cinye abin da ta tara a rayuwarta. Za a kuma ce tsoron biya zai sa kwamanda ya yi jinkiri a lokacin da rai ke cikin haɗari. Ban yarda cewa akwai kwamandan da zai bar yarinya a hannun mai garkuwa saboda kuɗin taga ba. Abin da zai faru shi ne, a lokacin da babu kowa a ciki sai wanda ake nema kuma an kewaye gidan, za a tambayi kai ko jira zai wadatar kafin a kira mota mai sulke. Wannan tambaya ce da ya dace a riƙa yi. Kotun ƙolin jihar Minnesota ta amince da biyan irin wannan diyya tun 1991, kuma 'yan sandan jihar ba su daina bin masu laifi ba.

Abin da ya shafe mu a Najeriya

Ba domin kallon nesa na kawo waɗannan labarai ba. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar da sirrin gidajen 'yan ƙasa a sashe na 37, ya kuma ce a sashe na 35 wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Amma sashe na 33, wanda ya kare rai, shi ne kuma ya buɗe ƙofa mai faɗi, domin ya ba da uzurin kisa wajen kare dukiya, da wajen kama mutum ko hana shi tserewa. An sake fasalin umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237 kan amfani da bindiga a 2019, an kuma yi sabuwar dokar 'yan sanda a 2020. A takarda an ci gaba.

A yankunan da masu garkuwa da mutane ke haura katanga da tsakar dare, wani lokaci ma sanye da kaki, magidancin da ya ji ana dukan ƙofarsa ba shi da hanyar sanin ko jami'i ne ko ɗan bindiga. Saboda haka wajibcin jami'i ya bayyana kansa, ya zo da mai unguwa ko wani sananne idan hali ya ba da dama, ya fi ƙarfi a wurinmu fiye da a Teksas. Na san cewa a lokacin zanga-zangar neman rusa rundunar SARS a Oktoban 2020, da yawa a Arewa sun ce matsalarmu ƙarancin jami'an tsaro ce, ba yawansu ba. Suna da hujja, amma ƙarancin tsaron ne ma ya sa muke buƙatar mutane su yarda su kira 'yan sanda, kuma ba wanda zai kira idan ya san cewa abin da aka fasa masa ko wanda aka harbe masa ba za a taɓa tambaya a kansa ba.

Kotunanmu suna yanke diyya a kan 'yan sanda, ba a rasa irin waɗannan hukunce-hukunce ba. Kwamitin binciken da jihar Legas ta kafa bayan zanga-zangar ma ya raba naira miliyan 410 ga mutum 70. Inda abin ke tsayawa shi ne wajen karɓa. Sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce ba za a cire kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati domin biyan wanda ya ci shari'a ba sai da amincewar Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnatin da aka kayar. Mutum zai kwashe shekaru yana zirga-zirga a kotu, ya biya lauya, ya ci nasara, sannan a ce ya je ya nemi yardar ɓangaren da aka kayar kafin a ba shi haƙƙinsa. Ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta cire wannan sharaɗi a shari'o'in take haƙƙin ɗan Adam, ta kuma sa a ware kuɗin biyan irin wannan diyya a cikin kasafin rundunar 'yan sanda kanta, a riƙa bayyana kowace shekara nawa aka biya da kuma ofishin da ya jawo.